Tambaya da Amsa: Yawon Tsibiran Fiji, Daga Leƙen Murjani Zuwa Gaisuwar Mai Gari

Wasiƙun da suka zo wannan fili a watan nan sun taru ne a kan batu guda, wato hutu a tsibiran tekun Fasifik, inda matafiyi ke kwana biyu a wannan tsibiri, ya hau jirgin ruwa ya ƙara gaba zuwa wancan. Na zaɓi guda biyar, kuma zan tsaya a kan ƙasar Fiji, domin ita ce na taka da ƙafata.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Kano: Mun aurar da autarmu, ina so in kai uwargida wurin da za ta huta. Ta ga hotunan Fiji ta ƙyalla ido. Yaya ake zuwa can, wane wata ya fi dacewa, kuma tsibiri nawa za mu iya zagawa cikin mako biyu?

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya ba amarya zaman lafiya. Fiji tarin tsibirai ne fiye da 330, kuma kusan 110 ne kawai ake zaune a cikinsu. Jirgin sama yana sauka a garin Nadi da ke yammacin babban tsibirin Viti Levu, amma ka sani ana furta sunan ne Nandi, domin a rubutunsu harafin d yana ɗauke da n a gabansa, kamar yadda b ke ɗauke da m. Gaisuwarsu da za ka ji tun daga filin jirgi, wadda ake rubutawa bula, mbula ake cewa.

Fiji ta daɗe cikin ƙasashen da mai fasfon Najeriya ke shiga ba tare da ya nemi biza tun daga gida ba, ana buga masa izinin zama a filin jirgi muddin yana da tikitin komawa da shaidar masauki, sai dai irin wannan doka takan canza, don haka a tabbatar kafin a biya kuɗin tikiti. Wahalar tana kan hanya ne. Jiragen da suka fi yawa suna bi ta Ostareliya ko Niyu Zilan ko Amurka, kuma duk ukun suna neman bizar wucewa daga ɗan Najeriya ko da ba zai fita daga filin jirgi ba. Shi ya sa nake ba da shawarar hanyar Singafo, inda jirgin Fiji Airways ke tashi kai tsaye zuwa Nadi cikin kimanin awa goma. A riƙe katin allurar shawara, domin za a tambaya. Kuma ina roƙon Hajiya ta haƙura da guzurin kilishi da dambun nama da zuma, saboda jami'an da ke tsare ƙasar daga cututtukan dabbobi da tsirrai ba su da wasa, duk abincin da aka shigo da shi sai an bayyana shi a takarda, wanda ya ɓoye kuwa tara ce ke jiransa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Mayu zuwa Oktoba, lokacin rani da sanyin iska. Daga Nuwamba zuwa Afrilu damina ce, kuma a cikinta ake samun guguwar teku, irin wadda aka sa wa suna Winston a Fabrairun 2016, wadda ta hallaka mutum 44 ta kuma rushe ƙauyuka da dama.

Game da yawan tsibirai, ka nufi jerin Yasawa, tsibirai kusan ashirin da suka miƙe arewa maso yamma da Viti Levu. Kowace safiya jirgin fasinja mai suna Yasawa Flyer yana tashi daga tashar Denarau kusa da Nadi, ya bi ta Kuata da Waya da Naviti har zuwa yankin Nacula cikin kimanin awa biyar, sannan ya juyo da yamma. Ba ya zuwa gaɓa. Yana tsayawa ne a tsakiyar ruwa, ƙananan jirage masu inji su zo su kewaye shi, a miƙa jakunkuna hannu da hannu, mutum ya sauka ta matakala yana riƙe da hannun matuƙi, a ƙarshe kuma ya tattare wando ya taka ruwa zuwa rairayi. Wannan hawa da sauka yana cin rabin yini, yana kuma gajiyar da dattijo. A ganina tsibiri uku sun isa mako biyu, kwana uku ko huɗu a kowanne, sauran kwanakin a bar wa hanya da ramuwar barci, domin agogonsu yana gaban namu da awa 11. Ka canji kuɗinsu, dalar Fiji, tun a Nadi, domin can ciki ba a samun na'urar cire kuɗi.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Zariya: Ban iya iyo ba, ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba. Shin zan iya leƙen kifaye da murjani kamar yadda nake gani ana yi da tabarau da bututu a baki? Kuma wace sutura zan sa wadda ba za ta bayyana jikina ba?

Amsa: Malama, za ki iya, da sharaɗin ki sa rigar ceto kuma kada ki shiga ke kaɗai. Wannan leƙe ba nutso ba ne. Mutum yana kwanciya ne rub da ciki a saman ruwa, fuskarsa a ciki, tabarau ya rufe masa ido da hanci, yana numfashi da baki ta bututun da ƙarshensa ke sama cikin iska. Ruwan gishiri ya fi ruwan kogi ɗaga jiki, idan aka haɗa da rigar ceto kuwa, ko kin so nutsewa ba za ki nutse ba. Abin da ke kayar da sabon shiga tsoro ne, domin jiki bai saba da shaƙar iska alhali fuska tana cikin ruwa ba, sai numfashi ya yi sauri, mutum ya ɗago a firgice ya kurɓi ruwa. Maganinsa shi ne ki fara a inda ruwa ya tsaya miki a ƙugu, ki durƙusa, ki sa fuska ki yi ta numfashi a hankali har sai kin ji sautin fitarsa da shigarsa ya daidaita, ko da hakan zai ɗauke ki rabin awa.

Kafin ki karɓi tabarau a masauki ki gwada shi: ki ɗora a fuska ba tare da kin ɗaura igiyarsa ba, ki ja iska kaɗan ta hanci, idan ya manne bai faɗi ba ya yi miki daidai. Gefen ɗankwali ko silin gashi guda idan ya shiga ƙarƙashin robar, ruwa zai riƙa tsiyaya ciki. Maza masu gashin baki ma suna fama da wannan, sukan shafa ɗan man basilin a wurin. Don kada gilashin ya yi hazo, ana tofa masa yawu a goge a ɗauraye, abin ba daɗin faɗa amma yana aiki.

Batun sutura ya zo miki da sauƙi, domin a wannan ruwa rufe jiki shi ne dabara ko ga wanda ba ruwansa da addini. Mai leƙe yana manta kansa, bayansa da ƙwaurinsa suna fuskantar rana tsawon awa guda, kuma baƙar fata ma tana ƙonewa, na gani a jikina. Ki nemi rigar iyo mai dogon hannu da dogon wando da hular da ke kama kai da wuya, ki ɗora riga marar nauyi wadda ta sauko cinya. Abin da zan hana ki shi ne shiga da zane ko babban hijabi, domin idan suka jiƙe suna nauyi, suna naɗe ƙafa, hijabin kuma yana iya tasowa ya rufe bakin bututun.

Murjanin da za ki gani, mai kama da ƙahon barewa ko faifai ko ƙwaƙwalwa, ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai da ke gina gidajensu na alli shekara bayan shekara. Taka shi yana kashe shi, shi kuma yana yanka kamar reza, yankan kuma yana saurin ruruwa idan ba a wanke da sabulu da ruwan daɗi nan take ba. Kada ki tsinci katantanwa mai siffar mazurari komai kyanta, domin wasunsu suna da dafi mai kisa, kuma ki sa takalmin roba idan za ki taka wurin da teku ya janye, saboda wani kifi mai ƙaya da ke kwanciya kamar dutse. Tsakanin tsibiran Naviti da Drawaqa akwai mashigin ruwa inda kifin manta, mai faɗi kamar tabarma, ke zuwa kiwo daga Mayu zuwa Oktoba. Ba ya cizo ba ya harbi, amma igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi, jirgi yana sauke mutane a sama ya je ya tare su a ƙasa. Wannan ki bar shi sai kwana na uku ko na huɗu, kuma ki gaya wa jagora gaskiya cewa ba ki iya iyo ba, zai ba ki zoben ceto ki riƙe yana janki.

Tambaya daga wani malami a Maraɗi: Na ji cewa ba a shiga ƙauyensu sai an kai wa sarki wata saiwa, kuma a sha ruwanta tare. Mece ce wannan saiwa, tana bugarwa ne, kuma idan na ƙi sha na yi laifi?

Amsa: Allah ya gafarta Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma a wurina nan ne zuciyar tafiyar take. Kusan kashi tara cikin goma na ƙasar Fiji mallakar dangogin 'yan asalin ƙasar ne, waɗanda ake kira iTaukei, ba a sayar da ita sai dai haya, kuma kowane yanki na ruwan gaɓa yana da dangin da ke da haƙƙin kamun kifi a cikinsa bisa al'ada. Ke nan rairayin da baƙo yake gani kamar ba na kowa ba yana da masu shi, haka ma murjanin da yake leƙe. Yawancin masaukan Yasawa a kan ƙasar ƙauye suke, ma'aikatansu kuma 'ya'yan ƙauyen ne. Saboda haka baƙo yana neman iso, kuma neman ison shi ake kira sevusevu.

Saiwar sunanta yaqona, ana furtawa yanggona, a waje kuma an fi saninta da kava. Tsiro ne dangin masoro. Ana sayen busasshiyarta a kasuwar Nadi ko Lautoka, ƙulli na kimanin rabin kilo, a naɗe da takardar jarida a ɗaure da zare. Bahaushen da ya taɓa kai goro gaban mai gari ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ranar da na je wani ƙauye a arewacin Yasawa, jagoranmu ya tsayar da mu tun a bakin rairayi, ya sa kowa ya ɗaura sulu, zanen da maza da mata suke ɗaurawa, ya ce a cire hula da baƙin tabarau, a sauke jaka daga kafaɗa a riƙe a hannu. Kai abu ne mai alfarma a wurinsu, ba a taɓa kan mutum ko da yaro ne, kuma shiga gari da hula raini ne ga sarki. Ni da na saba cewa zuwa gaban manya kai ba hula shi ne rashin kunya, sai na ji kamar an tuɓe ni, na cusa hular a aljihu ina ta shafa kai. Game da ɗankwali da hijabin mata, a gaya wa jagora tun da wuri ya yi bayani cewa na addini ne, domin sun san Musulmi, suna zaune da su a ƙasa ɗaya. Muka tuɓe takalma a ƙofar zauren taro, muka shiga a sunkuye muka zauna a tabarma muka tanƙwashe ƙafa, domin ba a miƙe ƙafa a gaban manya, ba a kuma tsayawa a kansu. Jagoran ya ajiye ƙullin a gaban wakilin gari, wanda suke kira turaga ni koro, ya yi doguwar magana da harshensu. Wani dattijo ya ɗora hannu a kan ƙullin ya amsa, sauran maza suna tafi da tafin hannu a ƙoƙe, sauti mai zurfi, ba irin tafin biki ba. Daga wannan lokacin, in ji jagoran, mun zama baƙin gari, muna iya yawo da wanka a ruwansu, kuma tsaronmu yana wuyansu.

Sannan aka kawo garin saiwar da aka daka, aka zuba a ƙyalle aka matse cikin ruwa a wani babban akushi mai ƙafafu da ake kira tanoa. Ruwan yana fitowa kamar na gulbi da damina. Ana miƙawa a ɓawon kwakwa, mai karɓa ya yi tafi ɗaya, ya ce bula, ya shanye a kurɓi guda, ya mayar ya yi tafi uku. Ba a jiƙa shi ya kwana, ba ya tsami, babu sinadarin giya a cikinsa. Abin da yake yi shi ne ya kashe harshe da leɓe, ya saki jiki, wanda ya sha da yawa kuma ya yi nauyi ya yi ta barci. Hukuncinsa a shari'a ba nawa ba ne, kai ne malami, na dai faɗa maka yadda yake domin ka auna. Abin da zan tabbatar maka shi ne wajibin baƙo kawo saiwar ne, ba shanta ba. A cikinsu ma akwai mabiya wasu ɗarikun Kirista, irin masu hutun Asabar, da ba sa sha sam. Ka sanar da jagora kafin a zauna, idan ƙoƙon ya zo kanka ka buɗe tafin hannu ka ce vinaka, wato na gode, za a wuce da shi ba tare da kowa ya ɓata rai ba. A guji ziyara ranar Lahadi sai in an gayyace ka, domin ranar coci ce da hutu. Idan kuma ka ga sanduna a kafe cikin ruwa, ka tambaya, sau da yawa alama ce ta tabu, wato wurin da gari ya haramta kamun kifi na wani lokaci don kifi ya hayayyafa.

Tambaya daga wata 'yar kasuwa a Zangon Kumasi: Ina zan sami abincin halal, kuma akwai masallatai?

Amsa: Hajiya, akwai Musulmi a Fiji, kimanin shida cikin ɗari na mutanen ƙasar da ba su kai miliyan ɗaya ba. Jikokin leburorin da Turawan Ingila suka kwaso daga Indiya ne tsakanin 1879 da 1916 don aikin gonakin rake, su kimanin dubu sittin, Hindu da Musulmi. Ƙungiyarsu, Fiji Muslim League, an kafa ta tun 1926, tana da makarantu, tana kuma ba da shaidar halal. A garuruwan Nadi da Lautoka da Ba da kuma Suva, babban birnin ƙasar, ba za ki rasa masallaci ko gidan abinci na Musulmi ba.

A ƙananan tsibirai lamarin ya bambanta, domin mutanen can Kiristoci ne, kuma babu kasuwa, abin da masauki ya dafa shi kowa zai ci idan an buga gangar itace ta kiran abinci. Ki rubuta musu tun kafin ki iso cewa kifi da ganye kike ci. Ba za ki ji yunwa ba: akwai gwaza da rogo da dankali, da ganyen gwaza da aka dafa da madarar kwakwa, da kokoda, ɗanyen kifi da aka jiƙa da lemon tsami har ya yi fari. Inda za ki sa ido shi ne lovo, girkin rami da ake yi a kan duwatsu masu zafi a rufe da ganye, domin galibi alade yana ciki tare da kaji da kifi, rami ɗaya. Ki nemi a gasa naki daban.

Ga salla kuma, bakinmu ya saba kiran alƙibla gabas, to a Fiji yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa. Ruwan daɗi yana ƙaranci a Yasawa lokacin rani, amma alwala da ruwan teku ta halatta, kamar yadda ya zo a hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa, cewa ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne.

Tambaya daga wani matashi a Yawuri: Na tashi cikin kwalekwale a kogin Kwara. Ina sha'awar jirgi mai filafilai da iska ke turawa. Zan iya hayar ɗaya in tuƙa da kaina tsakanin tsibiran?

Amsa: Ɗan'uwa, sanin ruwa da kake da shi zai taimake ka, ba za ka firgita da tangaɗi ba, amma ba za a ba ka jirgi kai kaɗai ba tare da takardar shaidar tuƙin teku ba, kuma ko an ba ka ban ba ka shawara ba. Ka shiga jirgi mai matuƙi, na yini guda daga Denarau ko na kwanaki, ka gaya masa kana son koyo, zai ba ka igiya da sitiyari. Daga Mayu zuwa Oktoba iska tana busowa kusan kullum daga kudu maso gabas, ita ce ke tafiyar da komai. Haɗarin ruwan Fiji murjani ne da ke ɓoye dab da saman ruwa, wanda taswira ba ta nuna shi daidai ko'ina ba. Shi ya sa matuƙa ke ratsa irin wuraren nan da rana tsaka, rana tana sama ko a bayansu, mutum ɗaya a tsaye a goshin jirgi yana karanta launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore-kore rairayi ne marar zurfi, ruwan ƙasa kuwa murjani ne, a kauce. Wanda ya saba gane tudun yashi a Kwara da kallon fuskar ruwa zai kama wannan cikin yini biyu. Jirin teku dabam yake da na kogi, ka riƙe citta a baki, ka zauna a waje kana duban nesa. Jirgin da zai kwana a gaban wani ƙauye shi ma sai ya kai sevusevu kafin kowa ya shiga ruwa.

Idan tuƙin ne ya fi damunka, tsibiran Vava'u a ƙasar Tonga sun fi sauƙi ga mai koyo, domin suna kusa da juna kuma ruwan tsakaninsu a kwance yake, daga Yuli zuwa Oktoba kuma manyan dabbobin teku da ake kira wel suna zuwa daga ƙanƙarar kudu su haihu a can. Ka dai sani ranar Lahadi a Tonga doka ta rufe kasuwanci da aiki.

Kafin ka bar Fiji ka je gidan tarihi na Suva. A can akwai Ratu Finau, jirgin gargajiya mai gangar jiki biyu da suke kira drua, wanda aka sassaƙa a 1913, an ɗinke katakansa da igiyar ɓawon kwakwa babu ƙusa. Irinsa ba ya juyawa idan zai canza hanya, domin kowane ƙarshensa goshi ne: matuƙa suna cire gindin filafilan daga wannan ƙarshen su kai wancan, su mayar da katakon da ake juya jirgin da shi zuwa ɗaya ƙarshen, abin da yake wutsiya ɗazu ya koma kai. A ɗakin kuma akwai guntun katakon juya jirgi na wani jirgin ruwan Ingila mai suna Bounty, wanda ma'aikatansa suka yi wa kyaftin ɗinsu William Bligh tawaye a 1789, suka sa shi cikin ƙaramin jirgi shi da mutum 18, ya ratsa ta gefen Yasawa, kwalekwalen mutanen wurin guda biyu suka biyo shi bai yarda ya tsaya ba. Ruwan da ke arewacin Viti Levu har yau da sunan Bligh ake kiransa.